Jiragen Japan da Tarin Yayana

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a elementare ta Tsafe yayana ya fara tari. Ya girme ni da shekara goma sha huɗu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya tsaya kai da fata ya hana a cire ni daga makaranta a mayar da ni gona a Kucheri. Ya yi soja, ya je yaƙin ƙasar Bama, can gaba da Indiya, ya dawo da igiya uku a hannu, don haka kowa Saje yake ce masa. Da aka sallame su sai ya samu aikin gadi a wata ma'ajiyar auduga a Gusau, ya kama ɗaki biyu a Sabon Gari, shi da matarsa da 'yarsu ƙarama.

Maƙwabcinsa na jikin bango wani mutumin kudu ne, Kirista, akawu a tashar jirgin ƙasa. Jirgin ruwa ɗaya ya kwashe su zuwa Indiya lokacin yaƙi, ba su san juna ba sai da zaman haya ya haɗa su. Kofur yayana yake kiransa, muƙaminsa na soja, mu ma muka bi. Hausarsa ta bariki ce, takan sa yara dariya, amma babu abin da yake so ya faɗa da ya gagare shi.

Kofur ne ya kawo wasan. Ya ce a cikin jirgi ya ga wasu hafsoshi suna yin irinsa, ya riƙe abin da ya riƙe, ya ƙago sauran. Ya samu wani tsohon ƙyaure ya shafe shi da shuɗin bula, ya ja layuka da ƙusa suka zama gida-gida. Wannan shi ne teku. Ya manna dunƙulen yumɓu nan da can, su ne tsibirai. Jiragen kuwa da kara ya fafe su, manya da ƙanana, na Japan ya ɗiga musu jan tawada. Ana zuba wuri shida, irin na kuɗin da, yawan waɗanda suka buɗe baki shi ke nuna ko harbinka ya samu. Man jirgi ƙwayar gyaɗa ce, duk motsin babban jirgi sai ka ajiye ƙwaya ɗaya. Japan ta fi yawan jirage da farko, amma gyaɗarta ƙididdigaggiya ce, kuma jirgin da ya nutse ya tafi ke nan. Su kuwa Turawa, duk zagaye uku sai a miƙo musu sabon jirgi. Kafin Japan ta ci, sai ta kama babbar tashar da ke can kusurwar ƙyauren kafin zagaye na ashirin ya cika.

Duk Lahadi in Kofur ya dawo daga coci sukan shimfiɗa ƙyauren a inuwar mangwaron tsakar gida. Yayana ba ya taɓa jirgi mai jan tawada, don haka Kofur ne Japan kullum, kuma kullum shi ake ci. Ba ya damuwa. Sai ya tattara kayansa yana dariya ya ce, "Haka aka yi a gaske, Malam. Ni na rubuta dokar, ni ma ban taɓa ci ba." Ni dai ɗan kallo ne in na zo hutu. Ban taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da na sani shi ne gulbi in ya kawo da damina.

Wata Asabar na sauka daga mota na tarar da matar yayana a bakin rijiya tana wanki. Ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba ba. Ta ɗago wani tsumma ta nuna mini kafin ta tsoma shi a ruwa. Jini ne, ba kaɗan ba.

"Kwana goma ke nan," in ji ta. "Ya ce in na faɗa maka sai na bar gidan nan. To, ga shi na faɗa."

Na same shi a ɗaki yana goge takalminsa na gadi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na ce, "Yaya, gobe mu je asibiti."

"Mi zan yo can?"

"A duba ƙirjinka. Yanzu akwai allura, na ji an ce tana aiki."

Ya ajiye takalmin. Ya ce a Indiya ya kwanta wata biyu a asibitin soja, gadaje jere har ba a ganin ƙarshensu. Kowace safiya sai a zo a ja labule a kewaye gado ɗaya, in an buɗe sai ka ga an canja zanen gado, babu kowa. Ya ce ya yi wa kansa alkawari ba zai sake kwanciya inda ake jan labule ba. Yana da mai ba shi saiwa, ya ishe shi.

Na yi magiya har na gaji. Na kawo Kofur ya yi tasa. Na je na ɗauko limamin unguwa, yayana ya karɓe shi da girmamawa, ya saurare shi, ya raka shi bakin ƙofa, bai canja ba. Washegari da suka zauna wasa na tsaya a kansa na sake tayar da maganar a gaban mutane, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya ɗago ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya nuna gefen Kofur da haɓa.

"Zauna can. Ɗauki Japan. Ranar da ka ci ni, ko sau ɗaya, in tafi asibitin da ƙafata."

Mutane suka yi dariya, sun ɗauka raha ce. Ni na san ba raha ba ce. Na san kuma abu biyu game da yayana, ba ya saɓa magana in ya yi, kuma ba ya ba da abin da ya san za a iya ƙwata. Kofur ya tashi ya ba ni kujerarsa ba tare da ya dube ni ba.

Wasan farko na kwashi jiragena duka na nufi tashar kai tsaye. Ya bar ni na shiga tsakanin tsibirai biyu, ya rufe ni gaba da baya. Kafin zagaye na tara ba ni da ko ɗaya a kan ruwa. Lahadi ta biyu na yi taka-tsantsan, na tsare gyaɗata, na bi a hankali. Sai sababbin jiragensa suka yi ta zuwa, ɗaya bayan ɗaya, har na daina ƙirga su. Zagaye na ashirin ya same ni ban kai rabin ƙyauren ba. Lahadi ta uku na nutsar masa da manya biyu, sai gyaɗa ta ƙare mini ina gida huɗu da tashar. Jiragena suka tsaya cik, ya bi su ɗaya ɗaya.

Yana wasa yana tari. Yakan juya baya ya tofa a gwangwani, ya rufe da murfi, ya juyo ya ce, "Kai ake jira." Ni kuwa sai in ga hannunsa a kan ƙyauren, jijiyoyi sun fito, zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Kowace Lahadi da na sha kashi, na san na ba ciwon kwana bakwai ne kyauta.

A Tsafe ban ƙara zama malamin kirki ba. Da an tashi yara sai in zana tekun da alli a daɓen aji, in jera tsakuwa, in yi ta yaƙi da kaina har la'asar ta wuce. Na kwafi dokokin Kofur a littafin shirya darasi. Ina koyar da lissafi hankalina yana kan ko in raba jiragena biyu. Wata rana hedimasta ya shigo ya tarar da ni tsugune ina zuba wuri a ƙasa. Ya tsaya ya ce, "Malam, caca ka fara ko duba?" Na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya ba shi lafiya, amma sufeton makarantu yana nan tafe, kuma littattafan yara sati uku ba a duba su ba. Na ce zan duba. Ban duba ba.

Duk Asabar ina bakin hanya ina jiran motar kaya. In na samu sai in hau bisa buhuna, in riƙe igiya, ina ta maimaita tafiyar jirage a kaina har mu shiga Gusau. Na yi salla ina roƙon Allah ya sa wuri ya faɗi daidai, in idar in ji kunyar abin da na roƙa, in sake roƙa.

Bayan Lahadi ta shida na bi Kofur tasha. Na same shi a bayan tebur yana cike takardun kaya. Na ce ya taimake ni, shi ya yi dokar, ya san inda za a sassauta.

"Saje ya san dokar fiye da ni," in ji shi. "In na taɓa layi ɗaya zai gani."

"To ka ƙara mini gyaɗa. Kai ke rabawa. Biyar kawai."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce bai taɓa cutar Saje ba, ko a wasa. Na ce masa mutumin yana mutuwa a gabanmu muna lissafin kara. Ya mayar da tabarau ya ci gaba da cike takardu. Daga baya ya ce in tafi, yana da aiki.

Ranar Lahadi da ya miƙo mini kwanon gyaɗata na ji ya ɗan fi nauyi. Ban dube shi ba. Wasan ya tafi mini yadda bai taɓa ba. A zagaye na goma sha shida ina bakin tashar da manyan jirage uku. Na sa hannu zan ajiye ƙwaya, sai yayana ya ɗora tafinsa a kan ƙyauren.

"Kofur," ya ce, a hankali, "wanga jirgi ya sha mai fiye da tankinsa."

Na janye hannuna. Ashe tun farko yana ƙirga kowace ƙwaya da na ajiye. Ya tashi da ƙyar, ya dafa bango, ya shige ɗaki. Kofur ya zauna kamar an zuba masa ruwan sanyi. Lahadi biyu yayana bai fito wasa ba, bai kuma bari na shiga wurinsa ba. Nakan zauna a bakin ƙofa ina jin tarinsa ta cikin asabari. Da hannuna na zubar da kwana goma sha huɗu.

A cikin waɗannan kwanaki ya kasa zuwa aiki. Matarsa 'yar Bungudu ce, kuma can mai ba shi saiwar yake, sai ya ce a mayar da shi gidan surukansa ya fi kusa da magani. Labari ya iso ni a Tsafe. Na ɗauka shi ke nan, ya rufe ƙofar. Sai ga saƙo daga bakin wani direba, wai Saje ya ce maganarsa tana nan, in ina so in zo da ƙyauren.

Ni da Kofur muka ɗora ƙyauren a motar Sakkwato, muka kwance tsibiran muka naɗe a tsumma. Ranar bai je coci ba, kuma a iya sanina bai taɓa fashi ba sai ranar. Mun isa Bungudu da hantsi. An kwantar da yayana a rumfar tsakar gida a kan gadon kara, an tokare bayansa da matashi biyu. Warin hayaƙin magani ya kama tufafinsa. Ya rame ƙwarai. Idanunsa kaɗai suka rage yadda na san su.

Ba ya iya miƙa hannu zuwa tsakiyar ƙyauren, don haka Kofur ke matsar masa da jirage, shi yana faɗa. Ya sa aka ƙirga gyaɗata a gabansa, ƙwaya ƙwaya. Matarsa tana can gefe tana tankaɗe, ba ta ko kallonmu.

Na zo da dabarar da na yi sati uku ina gwadawa a daɓen aji. Na tura manyan jiragena biyu ta arewa da hayaniya, kamar can na nufa, na sadaukar da su. Ƙananan kuwa, waɗanda ba sa cin gyaɗa sosai, na haɗa su da babba ɗaya da ya rage mini na bi da su ta bakin ƙyauren ta kudu, gida ɗaya ɗaya, kamar na manta da su. Ya bi manyan. Ya nutsar da na farko a zagaye na goma, na biyu a na goma sha uku. Yana cikin haka tari ya sarƙe shi, aka tsaya, aka ba shi ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ya dubi kudu, ya daɗe yana dubawa, sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Ka koyi wani abu," in ji shi.

A zagaye na goma sha takwas na isa bakin tashar da ƙananan jirage huɗu da babba ɗaya. Jirgi ɗaya tak ya bari yana tsaronta. In na nutsar da shi na shiga. Ina bukatar wuri huɗu su buɗe. Na tattara su a tafin hannu. Na zuba. Uku suka buɗe, na huɗun ya yi ta juyawa a gefen wani tsibiri, ya kife.

A zagaye na goma sha tara sabon jirginsa ya iso, ya nutsar mini da biyu. Na sake zubawa, biyu suka buɗe. A na ashirin saura mini ƙwayar gyaɗa ɗaya. Na ajiye ta, na karanta duk abin da na iya, na zuba. Uku.

Kofur ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ban san lokacin da na bar kujera na durƙusa a gaban gadon ba. Na kama ƙafarsa, ƙafar ba nauyi kamar ta yaro. Na ce, "Yaya, don Allah. Ka ga saura kaɗan. Ka ɗauka na ci. Babu wanda zai sani sai mu uku."

"Ba ka ci ba."

"Ba zan taɓa ci ba, kai ma ka sani. Wata Lahadin ba za ka iya zama ba."

"To sai Kofur ya riƙe mini."

Sai na faɗa masa maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce shi da ake ce wa jarumi, ashe tsoron labule ne zai kashe shi, ya bar 'yarsa marainiya kamar yadda aka bar mu. Ya juya fuskarsa wajen zana, ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

A nan ne matarsa ta ajiye rariya. Ta karkaɗe zanenta, ta leƙa zaure ta kira ƙannenta biyu, ƙarti majiya ƙarfi da suka dawo daga gona. Ashe tun da safe ta aika wurin wani direba ɗan unguwarsu da zai shiga Gusau da azahar, ta kuma ɗaure kayan kwanciya da kwanuka ta ajiye a bayan ƙofa. Ta ce musu, "Ku ɗauke shi da gadon."

Yayana ya juyo. "Mi kike yi?"

"Asibiti za mu."

"Na yi magana da yaron nan. Bai ci ba."

"Da shi ka yi," in ji ta. "Ni ban yi alkawari da kowa ba. Wata biyu ina wankin jini kuna tura kara. In ka warke ka sake ni, na yarda."

Ƙannen suka dubi juna, suka dube ni. Na matsa na ba su hanya. Ta kama ƙafar gadon ɗaya da kanta, sai suka kama sauran. Ya yi yunƙurin tashi, ƙarfin bai kai ba. Ya kira Kofur da muryar soja, muryar ta karye a tsakiya. Kofur ya miƙe tsaye kamar zai bi umarni, sannan ya je ya kama gefen gadon ta wajen kai. Da za a fita zaure yayana ya daina kokawa. Ya ce a miƙo masa hularsa, ba zai shiga gari kai babu hula ba. Ni na ɗauko ta. Bai karɓa daga hannuna ba, sai da na ba matarsa ta sa masa.

A cikin mota na zauna ta wajen ƙafafunsa ina tare gadon kada ya zame in an shiga gargada. Har muka isa bai buɗe ido ba. Likita ya duba shi, ya ce an makara ƙwarai, huhu ɗaya ya riga ya lalace, amma za a gwada. Aka kwantar da shi a ɗakin masu tari, aka fara masa allura kullum. Matarsa ta shimfiɗa tabarma a barandar asibitin, a nan ta zauna wata biyar.

Zuwana uku yana juya mini baya. Yana magana da ita, yana magana da Kofur, har da mai sharar ɗakin, ban da ni. A tsakanin nan sufeto ya zo Tsafe, ya buɗe littafin shirya darasina ya tarar da zanen teku da dokokin jirage. Aka rubuta mini takardar gargaɗi, aka kuma hana ni zuwa kwas ɗin da aka sa sunana a shekarar.

A zuwana na huɗu na same shi zaune yana shan kunu da hannunsa. Na gaishe shi, na tsaya daga nesa kamar yadda na saba. Ya gama, ya ajiye ludayi, ya goge baki.

"An ce sufeto ya same ka da littattafan yara ba a duba ba."

Na ce haka ne.

"Yara nawa ne a ajin?"

Na faɗa masa.

"Iyayensu sun hana su gona sun ba ka. Kada in sake ganinka nan ranar da ba hutu ba." Ya yi tari kaɗan, ya nuna bakin gadon. "Zauna, ka tsaya mini a kai kamar dogari."

An sallame shi bayan an gama girbi. Bai koma gadi ba, numfashinsa ba ya kai shi ko bakin kasuwa. Muka mayar da shi Kucheri, gidan mahaifinmu, aka gyara masa ɗakin da ke fuskantar gabas. Bai saki matarsa ba, ko da yake ya yi wata guda yana cewa zai yi. Ya ƙara shekara uku da 'yan watanni a duniya, har ya ga an sa 'yarsa a makaranta. Ranar da ya rasu ina aji, wani mai keke ya zo ya tsaya a bakin taga, ya jira sai da na gama rubutu a allo sannan ya yi sallama.